Rabon Ranar Talata

Ardis Tollefson ta rasu wata Litinin cikin Janairu, lokacin da ƙasar maƙabartar garin Brekke ta daskare har motar haƙa ba ta iya cizonta. Aka yi mata addu'a a coci, aka kai akwatinta ɗakin ajiya na gari, inda za ta jira tare da wasu mamata uku har ƙasa ta saki. Fasto ya sa ranar binnewa, Asabar ta biyu a watan Mayu.

Ba ta bar dukiyar da za a yi faɗa a kai ba. Wasiyya ɗaya ta bar wa fasto: 'ya'yanta biyu su riƙe gaban akwatinta, Lorne a dama, Wendell a hagu. Da fasto ya kai wa Lorne saƙon, sai ya ce a nemi wani ya tsaya a wurinsa. Ya ce shi zai je kabarin washegari shi kaɗai, amma hannunsa da na Wendell ba za su haɗu a katako ɗaya ba, ko da na uwarsu ne. Mutum mai shekara hamsin da tara, da furfura a gemu, ya faɗi wannan magana bai ji kunya ba.

Asalin rigimar shekara huɗu ke nan. Lorne yana can yamma wajen rijiyoyin mai yana gyaran injuna. Wendell, ƙaninsa, shi ne a gida yana noman alkama a gonar ubansu, yana kula da tsohuwa. Wata safiya ya shigo daga rumbu ya tarar da ita kwance a ƙasan kicin, ƙugu ya karye, ta kasa jawo waya. Da ta fito daga asibiti bai mai da ita gona ba, ya nema mata ɗaki a gidan tsofaffi na cikin gari. Bai shawarci yayansa ba. Wannan kuskure ne, kuma ba za a rufe masa shi ba. Amma abin da Lorne ya yi ya fi muni. Ya dawo, ya yi shiru, sai ranar liyafar girbi a zauren coci, mutane cike, ya miƙe da faranti a hannu ya ce ƙaninsa ya jefar da uwarsu kamar tsohon takalmi don ya mallake gida shi kaɗai. Wendell ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar ko a layin gidan mai suka haɗu, kowa sai ya kalli farashi.

Ziyarar uwarsu ma raba ta suka yi. Lorne Talata da ƙarfe biyu, Wendell Asabar.

A shekararta ta farko a gidan tsofaffi Ardis ta sayi wani kwali a gwanjon coci, cike da fayafayan bidiyo. Wasan talabijin ne da ya yi shekaru ana nunawa, zango bayan zango, fitowa sama da ɗari uku, labarin wasu 'yan'uwa biyu maza da ke yawo gari-gari a tsohuwar mota suna farautar fatalwa da dodanni. Matan coci suka yi ta tsegumi, wai bai dace mace mai shekara tamanin da ɗoriya ta zauna kallon jini da iskokai ba. Ta ce musu ita ta binne miji, ta ga fari ya cinye alkamar shekara uku a jere, dodon roba ba zai hana ta barci ba. Kuma yaran biyu suna da ladabi ga tsofaffi.

Ta kafa doka, kuma ba ta taɓa karya ta ba. Fitowa ɗaya a zama ɗaya. Ba a komawa baya, ba a tsallakewa gaba, kuma ita kanta ba ta kallo sai da ɗa a gefenta. Ta Talata da Lorne, ta gaba ranar Asabar da Wendell, haka har shekara uku. A cikin ƙaramin kwalin kowane zango akwai takardar jerin fitowa, tana sa fensir ta rubuta L ko W a gaban kowace.

Saboda haka Lorne rabin labari ya sani, mai huji kamar rariya. Wata Talata zai bar ƙaramin cikin 'yan'uwan a ƙasan rijiya, ta gaba ya tarar da shi yana cin burodi da nama a gefen titi.

"Mama, wannan ba shi aka rufe a rijiya ba? Ya aka yi ya fito?"

"Ranar Asabar ya fito."

"Wa ya fito da shi?"

"Tambayi ƙaninka, shi ya gani. Miƙo min gugguru."

Ba ta taɓa yi masa wa'azi ba, iyakarta ke nan. Shi kuwa ya gwammace ya koma gida yana ƙunƙuni a mota, yana ƙirƙiro wa kansa yadda aka fita daga rijiya, da ya ɗaga waya ya yi tambayar minti ɗaya. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma wanda ya naɗa shi shi kaɗai ne ba ya ganin yadda ya zauna masa.

Da aka zo kwashe ɗakin marigayiya na gidan tsofaffi, Lorne ya ƙi zuwa, don ya san wa zai tarar. Matarsa Marlys ce ta je. Ta dawo da kwalin fayafayai da bargo ɗaya, Wendell ya ɗauki talabijin da na'urar da ke ƙarƙashinta. Kwalin ya zauna a bayan ƙofa duk hunturu, Lorne yana tsallake shi kamar bai gan shi ba.

Mayu ta kama. Dusar ƙanƙara ta narke, hanyoyi suka zama taɓo, agwagin daji suka dawo kan tafkuna. Ranar Litinin, saura kwana biyar a binne, Marlys ta fito da baƙar kwat ɗin Lorne ta goge ta rataye a ƙofar ɗaki. Ya ce ta mai da ita inda ta ɗauko. Ta ce ita guga ta yi, sawa kuma ba aikinta ba ne. Ya juya a fusace, gwiwarsa mai ciwo ta bugi kwalin, fayafayai suka zube. Dole ya durƙusa yana kwashewa yana zage-zage, har hannunsa ya kai kan zangon ƙarshe.

Ya buɗe. Takardar tana nan, L, W, L, W, da rubutun nan nata mai rawa. Fitowa uku kawai suka rage. A gaban ta farkonsu ta riga ta rubuta L, don ita mace ce mai shirya gobe tun yau. Ya duba gurbin faifan ƙarshe. Babu komai.

Ya zazzage kwalayen duka, ɗaya bayan ɗaya, ko ta sa shi a wani. Babu. Marlys tana tsaye tana kallonsa, sai da ya gaji sannan ta ce ai kowa ya san inda faifai yake kwana idan ba ya gidansa: a cikin na'ura. Na'ura kuma tana gona.

Jijiyar wuyan Lorne ta tashi. Ya ce wato wata huɗu mutumin nan yana zaune da rabonsa, ya kalle, ya san ƙarshen labari, yana yi masa dariya a ciki. Gida bai ishe shi ba, sai ya haɗa da wannan. Marlys ta ce idan faifai ne, za ta yi oda, kwana uku ya iso, ko su je gidan 'yarsu su kalla a kwamfuta.

"Ba faifai nake nema ba," in ji shi. "Nawa nake nema. Ga sunana ta rubuta."

"To ga makullin mota. Hanyar gidan ubanka ba ta canza ba, kai ne ka daina bin ta."

Washegari bayan abincin rana ya hau akori-kurarsa, da kwalin zangon ƙarshe a kujerar gefe. Mil goma sha ɗaya ne. Duk hanya yana wasa maganganun da zai faɗa, yana zaɓar masu kaifi. Kada wani ya ce zumunci ne ya kai shi. Fushi ne, da son ya kama ƙaninsa da laifi hannu dumu-dumu.

Ya tarar da Wendell a bakin rumfa, kwance ƙarƙashin injin shuka yana sa masa giris. Wendell ya leƙo, ya ga takalman da ke tsaye, ya bi su da ido har sama. Shi ma ya tsufa. Lorne bai taɓa lura ba, don shekara huɗu ƙeyarsa kawai yake gani.

"Ɓatan hanya ka yi, yaya?"

"Ban zo gaisuwa ba. Kayana na zo karɓa." Ya ɗaga kwalin, ya buɗe, ya nuna gurbin.

Wendell ya miƙe a hankali, ya goge hannu da tsumma, ya ce ya biyo shi, amma ya cire takalmi, don ba shi da mai share masa taɓo.

Lorne bai taka gidan ba tun kafin faɗuwar tsohuwa. Abin da ya fara gani a barandar ciki shi ne ƙarfen dafawa, an ɗaure shi a bango tun daga kicin har bayan gida, wani kuma a gefen matakala. Aikin hannun Wendell ne, ya gane waldar. An yi shi ne don mai ƙafa mara ƙarfi ta ci gaba da zama a gidanta. Ƙofar ɗakinta a buɗe take, gadonta a shimfiɗe, hoton ubansu a kan teburi. Wendell har yanzu a ƙaramin ɗakin yarintarsu yake kwana, ga rigarsa rataye a ƙofa. Mutumin da aka ce ya kori uwa don ya mallake gida, ko babban ɗaki bai shiga ba. Lorne ya ga duk wannan, ya bi ƙaninsa zuwa falo.

A falo talabijin ɗin tsohuwa tana kan akwati, na'urar a ƙasa. An manna baƙin salatif a kan maɓallin da ke fito da faifai.

"Wannan fa?"

"Don kada in danna da mantuwa," in ji Wendell. "Hannunta ne ya sa shi a ciki. Ban so nawa ya cire ba."

"Ka dai kalle."

"Na jona ta sau ɗaya cikin Janairu. Hoton farko ya fito, na ƙirga, na kashe." Ya kalli yayansa ido cikin ido. "Litinin ta rasu. Ta gaba ta Talata ce. Ka kira ni abin da ka kira ni a gaban mutane, amma ni ba na cin rabon wani."

Maganganun da Lorne ya wasa tun daga gida suka bi iska. Ya tsaya da kwali a hannu kamar ɗan aike da ya manta saƙo. Wendell ya ce idan faifan yake so, ga salatif nan, ya ɓare da kansa ya ɗauka ya tafi. Lorne ya sunkuya, ya kai yatsa, ya kasa. Agogon bango ya nuna biyu saura minti biyar. Daga kicin tukunyar kofi ta fara kuka, ga kofuna biyu an jera.

Ya tambaya ko baƙo ake jira. Wendell ya ce kowace Talata haka yake yi tun Janairu, ko wani mai taurin kai zai gaji ya zo. Sau goma sha biyar yana shanye kofin mutum biyu shi kaɗai, har likita ya fara yi masa faɗa.

"Zauna, tsoho, tsayuwar nan ba ta yi wa gwiwarka kyau ba."

Ya zauna a kujerar uwarsu, don ita ce kusa. Wendell ya kunna.

Ba a yi minti uku ba Lorne ya ce a tsaya. Wannan matar mai tabo a fuska daga ina ta fito, kuma me ya sa babban yake ɗingishi? Wendell ya tsai da hoto ya bayyana masa abin da ya faru a Asabar ta ƙarshe. Daga nan shi ma ya ce tunda an buɗe baki, akwai abin da ya daɗe yana ci masa rai: a zango na shida, wane ne ya ƙone gidan nan na bakin tafki? Ya zo wata Asabar ya tarar da toka kawai. Lorne ya ce ai shi ya ga wannan, kuma ba wanda yake zato ba ne. Ya ajiye kofi ya shiga ba da labari da hannu da ƙafa. Sannan ya yi tambayar da ya riƙe shekara biyu da rabi, maganar rijiya. Da ya ji amsar, ashe igiyar shanya ce da jarkar gishiri, ya buga cinya ya ce wallahi tasa da ya ƙirƙira a mota ta fi ma'ana.

"Ita ba ta gaya maka ba?" in ji Wendell.

"Cewa take in tambayi ƙanina."

"Ni kuma in tambayi yayana."

Sai dariya ta ƙwace wa Wendell, ta kama Lorne, suka yi ta yi har ta juye ta zama wani abin, kowa ya juya fuska gefe yana neman hankici. Tsohuwa ta yi shekara uku tana ba kowannensu rabin burodi, tana jiran yunwa ta haɗa su. Ba ta ga ranar ba. Wannan asara ce da ba ta gyaruwa, kuma su biyun sun san wa ya jawo ta.

Fitowar minti arba'in sai da ta ci musu awa uku. Ta ƙare a mugun wuri, 'yan'uwan biyu a rufe cikin wani tsohon rumbu, abin da suke farauta yana zagaye a waje. Lorne ya kai hannu zai danna ta gaba. Wendell ya riga shi ɗauke rimot ya sa a aljihu. Ya ce doka doka ce, ɗaya a zama ɗaya. Lorne ya ce mai dokar ai ba ta nan. Wendell ya ce tana nan, a ɗakin ajiya, tana jira tun Janairu.

"Ta gaba ta Asabar ce, tawa ce. Da safe muna da kaya da za a ɗauka. Wanda ya ɗauki nasa gefen, zan iya ba shi kujera da rana."

Lorne ya daɗe yana kallon takardar da ke cikin kwali. Ya tashi, ya je bakin ƙofa, ya sa takalmi ɗaya, sannan ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Dama ta ce, ko hagu?"

"Dama. Ka zo da takalmin kirki, wurin da santsi."

Ranar Asabar gari ya waye garau, iska tana kaɗa sabuwar ciyawa. Mutanen Brekke sun cika maƙabarta, rabi don Ardis, rabi don su ga wanda fasto ya samo ya tsaya a gurbin Lorne. Da motar gawa ta buɗe, sai ga shi cikin baƙar kwat mai sabuwar guga, ya wuce kowa ya kama hannun dama. Wendell ya kama na hagu. Maza huɗu suka kama baya. Wata tsohuwa ta rufe baki da tafin hannu.

Daga hanya zuwa kabarin taku sittin ne, kuma hawa ne. A tsakiya gwiwar Lorne ta ba da shi, ƙafarsa ta zame a taɓo, akwatin ya karkata. Wendell ya tura kafaɗa ƙarƙashi ya tare nauyin duka, ya ce a hankali, "Riƙe, yaya, na tare. Taka." Lorne ya dafe, ya miƙe, ya taka. Suka kai ta suka sauke kusa da mijinta, ba tare da katakon ya taɓa ƙasa a hanya ba. Fasto ya yi karatunsa. Kowannensu ya zuba ƙasa da shebur ɗaya, babba ya fara ya miƙa wa ƙarami.

Aka koma zauren coci cin abinci, dankali da nama da wainar nan ta dankali da marigayiya ta fi kowa iyawa. Zaure ɗaya ne da na wancan karon, tebura ɗaya, kusan fuskoki ɗaya. Mutane sun ɗauka an gama, tunda an ɗauki gawa tare. Lorne ya san ba a gama ba. Wanda aka zaga a kasuwa ba a ba shi haƙuri a ɗaka. Ya miƙe da faranti a hannu, Marlys ta kama gefen kwat ɗinsa, ya zame. Cokula suka tsaya.

"Shekara huɗu da suka wuce na tsaya a nan na ce ƙanina ya jefar da uwarmu. Ƙarya na yi. Shi ya ɗaga ta daga ƙasa lokacin da ni ina can ina ɗaure ƙusoshin wasu. Duk wanda ya ji waccan, ya ji wannan, ya kai wa wanda bai zo ba."

Wendell ya kalli farantinsa, ya ce shi ma da ya ɗaga waya ya kira kafin ya yanke shawara.

"Da ka kira," in ji Lorne.

"To na ji. Zauna, abinci na hucewa."

Wani tsohon manomi ya buga tebur da tafin hannu, na kusa da shi ya bi, har zauren ya ɗauka. Marlys ba ta buga ba. Ta ƙara wa mijinta dankali, abin da ta hana shi tun bara.

Da ƙarfe biyu suka kalli ta Asabar, da kwat ɗinsu a jiki da taɓon maƙabarta a ƙafar wando. Talata suka kalli ta ƙarshe. Ba su yarda da juna a kan ƙarshen ba. Lorne ya ce an cuci babban, Wendell ya ce daidai aka yi masa, suka yi musu har kofi ya huce. Sannan Lorne ya fita mota ya shigo da babban kwalin gaba ɗaya ya dire a tsakiyar falo. Ya ce shi bai yarda ya mutu da rabin labari ba, daga farko za a sake. Wendell ya ce biyu a mako shekara uku ke nan, ya tabbata zai kai? Lorne ya ce idan bai kai ba, ya san wanda zai ɗauki gaban akwatin.

Su biyu suka ɓare salatif ɗin. Faifan ya fito, Lorne ya riƙe shi ta gefe, ya mai da shi gurbinsa ya rufe. Ya buɗe zango na ɗaya, ya zaro takardar, ya karɓi fensir daga aljihun ƙaninsa. A gaban fitowar farko akwai L da tsohuwa ta rubuta. Ya ƙara W kusa da ita.